Jitar Bes Da Za Ta Zauna Da Kai

Ɗana, na daɗe ina lura da yadda ku matasan yanzu kuke sayen jitar bes, kuma abin yana damuna. Yaro zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya hana kansa sutura, ya hana kansa abubuwa da yawa, ranar da kuɗin suka cika sai ya tura wa wani a Legas hoton da ya gani a waya, ya ce a sayo masa irin wannan. Mota ta kawo, a buɗe kwali, abokai su taru a yi ta ɗaukar hoto. Bayan 'yan watanni sai ka tarar da jitar a jingine a bayan ƙofa ta yi ƙura. In ka tambaye shi ya ce kiɗan bes wuya gare shi, ko ya ce shi Allah bai ba shi baiwar ba. Sau da yawa baiwar tana nan. Jitar ce ba ta dace da shi ba, ta gajiyar da hannunsa tun kafin kunnensa ya buɗe. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta maka wannan, kai da ƙanwarka, don ita ma na ga idonta yana kan kayan kiɗan nan.

Ka fara da sanin aikin da za ka ɗauka. Mai bes shi ke tsakanin mai ganga da sauran makaɗa, shi ke riƙe ƙasan waƙa. Yakan maimaita layi guda har minti goma ko fiye, kamar yadda kake ji a faya-fayan Fela Kuti, ba ya sauri, ba ya ja da baya. A bikin aure a Agadas, ko a hidimar coci a Jos ko Wusasa, makaɗi yakan yi awa uku ko huɗu a tsaye da kaya a kafaɗa. Tun zamanin Bala Miller da ƙungiyarsa a Kaduna haka aikin yake a ƙasar nan. Saboda haka abin da za ka fara tambayar kanka game da kowace jita shi ne ko jikinka zai iya ɗaukarta tsawon wannan lokaci. Manomi ba ya sayen fartanya sai ya kama ƙotarta ya ji yadda ta zauna a hannunsa, kuma kai ma abin da ke gabanka ke nan.

Yawancin jitocin bes nauyinsu yana tsakanin kilo 3 da rabi zuwa kilo 4 da rabi. A minti biyar na farko ba za ka ji bambancin kilo ɗaya ba, amma a awa ta uku kafaɗarka da bayanka za su gaya maka. Jiki magayi. Kada ka gwada jita a zaune kawai. Ka sa mata maratayi, ka miƙe tsaye, ka saki hannuwanka duka biyu. In kanta ya rinjaya ya nufi ƙasa, to ka sani hannunka na hagu zai riƙa yin aiki biyu, yana tallafe wuya yana kuma danna tsirkiya, kuma daga nan ciwon wuyan hannu yake farawa. Na ga samari da suka bar kiɗa saboda wannan ciwon, alhali da sun sami jita mai daidaito da maratayi mai faɗi da har yanzu suna kan aiki.

Sai tsawo, kuma a nan zan daɗe, domin nan ne ake yawan faɗawa rami. Lokacin da Leo Fender ya fito da Precision Bass a Kalifoniya ta Amurka a 1951, ya sanya tsawon tsirkiya daga saman wuya zuwa jaki inci 34, wato wajen santimita 86. Wannan awon ne ya zama abin da kusan kowane kamfani yake bi har yau. Amma akwai gajeru masu inci 30, irin Mustang Bass da kamfanin Fender ya fitar a 1966. Inci huɗu kamar ba komai ba ne, sai ka ɗora yatsu. A wuyan jita akwai ƙarafa da aka jera, waɗanda makaɗa ke kira firet. A mai inci 34, daga firet na ɗaya zuwa na huɗu santimita 13 ne. A mai inci 30 bai kai 11 da rabi ba. Buɗe tafin hannunka na hagu yanzu ka auna daga ɗan ali zuwa ɗan ƙaramin yatsa, za ka gane abin da nake nufi. Wanda hannunsa bai kai ba zai iya koyon matsar da hannu, kuma da yawa sun koya, amma in yana jin zafi kullum to ba dole ba ne ya zauna cikin wahala.

Na san abin da ke hana samari ɗaukar gajeruwa. Suna jin kunya, kada a ce sun ɗauki ta yara. Ka cire wannan daga ranka. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi bes ɗinsa ƙirar Höfner a Hambug ta Jamus a 1961, gajeruwa ce, marar nauyi, ta fi Fender araha, kuma da yake shi bahago ne, siffarta da ta zama ɗaya hagu da dama ta yi masa daidai. Da irin wannan jitar duniya ta san shi. Bill Wyman na Rolling Stones ƙananan hannuwa gare shi, ya yi shekaru yana kaɗa gajeru. Waɗannan mutane sun zaɓi abin da ya dace da jikinsu da aljihunsu ne, daga baya suna ya biyo. Abu ɗaya dai zan gaya maka tsakani da Allah: tsirkiyar gajeruwar bes ta fi wuyar samu a kasuwanninmu, don haka in ka zaɓe ta, ka tanadi saiti ɗaya a ajiye tun ranar sayen.

Faɗin wuya ma abin dubawa ne. Jazz Bass, wadda Fender ya fitar a 1960, wuyanta a sama wajen milimita 38 ne, siriri. Na Precision ya fi faɗi, daga milimita 41 zuwa sama, kuma yakan fi cika hannu. Jitocin Ibanez na jerin SR an san su da siririn wuya da rashin nauyi. Babu wanda ya fi wani a cikinsu. Wani in ya kama siriri sai ya ji yatsunsa sun cunkushe, wani in ya kama mai kauri sai babban yatsansa ya ƙage. Wannan ba a karanta shi a takarda, sai an gwada akan san na ƙwarai.

In kai bahago ne, ka tsaya ka yi tunani da kyau kafin ka yanke shawara, don jitar bahago ba ta da yawa a kasuwa, kuma ranar da taka ta lalace a wurin biki ba za ka iya aron ta wani ba. Duk da haka kada ka tilasta wa kanka abin da jikinka ya ƙi. Mdou Moctar na Nijar bahago ne, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, kuma da hagun ya zagaya duniya.

Ke kuma 'yata, kada wani ya ce miki bes kayan maza ce saboda girmanta. Carol Kaye ta kaɗa bes a dubban waƙoƙi a ɗakunan ɗaukar sauti na Los Anjalis tun shekarun 1960. Manou Gallo 'yar Kwaddibuwa ta yi aiki da ƙungiyar Zap Mama kafin ta kafa tata. Ki gwada doguwa, ki gwada gajeruwa, ki ɗauki wadda hannunki ya sake da ita.

To, bayan jiki sai kunne. Tsirkiya mafi kauri a bes mai huɗu, wadda ake ɗaurewa a E, tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa. Ƙaramar sifikar wayarka ba ta iya fitar da wannan muryar, abin da take ba ka ɓawon sautin ne kawai. Wanda ya zaɓi bes ta hanyar bidiyon waya, bai ji ta ba tukuna. Kuma abin da kake ji a bidiyon, rabinsa hannun makaɗin ne da kayan ɗakin da aka ɗauka.

Muryar bes tana fitowa ne daga fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya aka dasa a ƙarƙashin tsirkiyoyi. Na Precision, tun 1957, guda ɗaya ne da aka raba biyu, muryarsa mai kauri ce, tana zama a tsakiyar kiɗa ba tare da ta yi gardama da kowa ba, kuma rabawar tana kashe gunjin lantarki. Jazz Bass tana da guda biyu, ɗaya kusa da wuya ɗaya kusa da jaki, tana ba ka muryoyi iri-iri, amma in ka buɗe ɗaya ka rufe ɗaya takan ɗauko gunji. A ƙasar da ake kiɗa da janareto da wayoyin da ba a binne musu layin ƙasa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. James Jamerson, wanda ya kaɗa a yawancin manyan waƙoƙin Motown a Detroit, Precision ta 1962 yake riƙe da ita, da tsirkiya masu santsi waɗanda ba ya yawan canzawa, kuma da yatsa ɗaya yake kaɗawa. Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley da Jazz Bass ya fitar da wannan murya mai zurfi ta rege. Ka saurari irin kiɗan da za ka yi, ka saurari waɗanda za ka yi tare da su, sa'an nan ka zaɓa. Inda jita biyu suke kuka a sama kamar a kiɗan Agadas, murya mai kauri marar ƙyalli ake buƙata a ƙasa. Inda ake son mari da fizgar tsirkiya kamar a waƙoƙin coci na zamani, mai haske ta fi.

Akwai masu batir, akwai marasa batir. Music Man StingRay ta 1976 tana cikin na farko da suka yaɗa masu batir, kuma yanzu yawancin sababbin jitoci masu maɓallai da yawa haka suke, da batir mai bolt 9 a bayansu. Suna ba ka ikon ƙara ƙasa da sama daga jikin jitar. Amma batirin yana ci muddin waya tana soke a jikinta, ko ana kiɗa ko ba a yi, kuma in ya mutu a tsakiyar waƙa murya takan dushe ko ta ɗauke gaba ɗaya. Ga mai koyo, ni marar batir nake so, mai maɓalli biyu ko uku, wadda duk mai gyaran rediyo zai iya buɗewa ya gane. Da ita za ka koyi fitar da murya daga yatsunka. In kuma mai batir ta shiga ranka, nemi wadda take da maɓallin komawa marar batir, ka riƙa zare waya bayan kiɗa, ka ajiye batir a jakarka.

Maganar yawan tsirkiya ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Mai biyar tana da ƙarin B a ƙasa, tana kaɗawa wajen sau 31 a daƙiƙa. In a coci za ka yi kiɗa, inda mai fiyano yake son hawa E filat ko D filat, ta biyar ɗin za ta yi maka amfani ƙwarai, kuma ba laifi ka fara da ita. Sai dai wuyanta ya fi faɗi, ta fi nauyi, tsirkiyarta ta fi tsada, kuma sai ka koyi danne waɗanda ba ka kaɗawa don kada su yi ta gurnani. A jita mai araha, B ɗin ce takan fara tona asiri, ta yi sako-sako ba a jin abin da take faɗa. Mai huɗu mai kyau ta fi mai biyar ta banza. Mai shida kuwa ka bar ta sai ranar da kiɗanka da kansa ya nema.

Haka ma marar firet. Jaco Pastorius ya cire ƙarafan Jazz Bass ɗinsa, kuma jin faifansa ne ya sa Richard Bona na Kamaru ya koma bes yana saurayi a Duwala. Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu da marar firet ya kaɗa a faifan Graceland na Paul Simon a 1986. Muryarta tana da daɗi, kamar mutum yana rera waƙa. Wanda ya tashi da gurmi ko garaya ko goge, kunnensa ya riga ya saba neman murya ba tare da ƙarfe ya nuna masa ba, shi zai iya gwadawa. Wanda bai da wannan tushe, ya fara da mai firet.

Yanzu ga ka a shago, ko a Sabon Gari ta Kano, ko a Alaba ta Legas, ko a gidan wani da yake son sayar da tasa. Yawancinku ta hannu za ku saya, kuma babu aibi a ciki, ta hannu mai lafiya ta fi sabuwa marar asali. Amma ka san inda za ka duba. Kowa fenti yake kallo, kai ka kalli wuya. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuyan nan da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, dare da rana. Abin da ke hana shi lanƙwashewa sandar ƙarfe ce da aka binne a cikinsa, wadda ake juyawa da alanki. Ɗaga jitar ka hango wuyan daga wajen kai zuwa jiki. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, ana gyara shi. Amma in ka ga ya murɗe, gefe ɗaya ya ɗaga gefe ɗaya ya kwanta, ajiye ta ko da an rage maka rabin kuɗin, don sandar ba ta gyara murɗiya. Ka roƙi mai kaya ya sa alanki ya ɗan juya sandar a gabanka. In ta ƙi motsi, ko bakinta ya cinye alanki yana zamewa, wannan jitar ba ta da sauran gyara mai sauƙi. In mai kaya ya ƙi yarda a taɓa, ya riga ya ba ka amsa.

Danna tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka dubi tsakiya. Ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe kada ta wuce kaurin katin waya. Saki, ka dubi tsayin tsirkiya a firet na 12, milimita 2 zuwa 3 ya isa. In yatsanka yana iya shigewa ƙarƙashi, wannan ita ce irin jitar da take sa yaro ya ce ba shi da baiwa. Sa'an nan ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet tun daga sama har ƙasa, kana sauraron inda take zizara da inda murya take mutuwa da wuri. A jitoci irin na Fender, wajen firet na 5 zuwa na 7 a siririyar tsirkiya ake yawan samun wannan mutuwar. Kaɗa tsirkiya a sake, ka kaɗa ta a firet na 12, muryar ta zama ɗaya, ta biyun tana sama. Juya kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi. Girgiza waya a bakin soketi. Murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya ka ji ko suna riƙewa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma duk waɗannan ba su wuce rabin awa ba. Kafin ma a kunna amfilifaya, kaɗa ta haka nan ka jingina haɓarka a jikinta. Wadda katakonta yake amsawa, muryar tana daɗewa, za ta yi daɗi in an kunna.

Ka tuna kuma da ƙasar da za ta zauna. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya kasance wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Damagaram, da hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20, da damina kuma ya haura sosai. Jitar da ta taso daga danshin Legas ta iso Arewa a watan Janairu, katakon wuyanta zai tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu, tsayin tsirkiya ya canza. Ba lalacewa ta yi ba. Ka ba ta mako biyu ta saba da iska, sa'an nan a saita ta, a goge bakin ƙarafan. Ka sa ran za a taɓa sandar nan sau biyu a shekara, shigowar hunturu da shigowar damina, rubu'in juyi kawai a lokaci guda, a jira a gani. Kada ka bar ta a cikin mota a rana ko jingine da bangon da ya sha zafi. Ka saya mata jaka mai kauri a ranar da ka saye ta, kuma ka riƙa goge gumi daga tsirkiya bayan kiɗa, don tsatsa ba ta jira.

Sunan da ke rubuce a kan jita shi ne abin da ya fi sauƙin ƙirƙira. Kasuwa cike take da masu ɗauke da sunan Fender waɗanda ba su taɓa shiga masana'antar Fender ba. In an ce maka ta Amurka ce amma kuɗinta bai wuce na sabuwar mai araha ba, ka san akwai magana. Squier, wadda Fender ɗin ne da kansa yake fitarwa don masu ƙaramin ƙarfi tun 1982, da Yamaha, da Ibanez, da Cort, suna yin jitoci masu gaskiya a farashin da mai tarawa zai iya kaiwa. Gara ka riƙe Yamaha ta gaske da ka rataya Fender ta jabu, domin kayan aro ba ya rufe katara, kuma tsofaffin makaɗa daga nesa suke ganewa.

Kada ka zuba duk kuɗinka a jita ka dawo gida ba abin da za ka ji ta da shi. Raba su tun farko: jita, amfilifaya, waya mai kyau, maratayi, jaka, na'urar saita murya, da ladan wanda zai saita maka ita. Amfilifayar jita mai tsirkiya shida ba a yi sifikarta don muryar bes ba, in ka matsa mata za ta yage. Don koyo a ɗaki, mai wat 15 zuwa 30 ta isa. In za ka tsaya kusa da mai ganga, kana buƙatar wat 100 zuwa sama. Kafin ka soka ta hannu a bango, karanta abin da aka rubuta a bayanta. Wutarmu bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Na ga amfilifaya masu kyau sun yi hayaƙi a daren farko saboda ba wanda ya duba wannan ɗan rubutun.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana. Tun kuɗin ba su cika ba ka fara zagayawa wurin makaɗa, ka gaishe su da ladabi, ka roƙi su bar ka ka riƙe tasu na ɗan lokaci. Yawancinsu za su ji daɗi. Ka taɓa mai inci 34 da mai 30, mai huɗu da mai biyar, siririn wuya da mai kauri, har hannunka ya san abin da yake so. Ranar saye kuwa, ka ware yini guda cur, ka tafi da maratayinka da wayar jita da layuka biyu ko uku da ka iya sosai, ka kaɗa su a kan kowace jita. Ka nemi dattijon makaɗi ya raka ka, ka biya masa kuɗin mota, ka bar shi ya kaɗa kai kuma ka koma nesa ka saurara. In ba ka sami wadda ta zauna maka ba, ka mai da kuɗinka aljihu ka dawo gida, wani makon ka sake komawa.